Daga Kano zuwa Gadarif: Yadda Nesa Ta Zo Kusa, Ta Sake Komawa Nesa

  

Akwai wata tambaya da yaranmu kan yi mana a nan Gadarif, musamman idan baƙo ya sauka daga Najeriya ko Nijar: wai shin Kano tana da nisa? Amsar da yaro zai samu ta danganta da wanda ya tambaya. Idan kakansa ya tambaya, da shekaru za a ƙirga masa. Idan mahaifinsa ne, da makonni. Yayansa kuwa, wanda ya saba hawa jirgi daga Hartum, zai ce awa uku da rabi ne. Dukkansu gaskiya suka faɗa. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi amfani da wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa mu waiwayi tarihin wannan tazara, domin a cikinta ne asalinmu da sana'armu suke.

Mu fara da lissafi. Idan aka miƙa zare a kan taswira daga Kano zuwa Hartum, nisan ya kai kimanin kilomita 2,600. Daga Kano zuwa nan Gadarif kuwa kimanin kilomita 2,900 ne. Daga Kano zuwa Jidda kimanin 3,400. Wannan shi ne nisan tsuntsu, wanda babu ruwansa da kogi ko dutse ko shingen kwastan. Hanyar ƙasa ta fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Ko tsakanin Hartum da Gadarif, abin da yake kusan kilomita 350 a sama ya haura 400 ga wanda ya biyo mota ta Wad Madani. Ayarin da ke cin kilomita 25 a yini, da a ce zai bi zaren nan a miƙe ba hutu, sai ya yi kusan wata huɗu kafin ya iso Gadarif. Jirgin sama na zamani kuwa, mai gudun kilomita 800 a awa, cikin minti biyu yake haɗiye tafiyar yini guda ta ayari.

Sai dai kakanninmu ba a wata huɗu suka iso ba. Mai niyyar Hajji yakan baro Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Damagaram da iyalinsa da jakinsa da ɗan abin da ya tara. Ya bi ta Barno, ya ƙetare Shari, ya ratsa Bagirmi da Wadai, ya shiga Darfur da Kurdufan, sannan ya iso bakin Nilu. Guzuri ba ya kai mutum ƙarshen irin wannan hanya. Inda damina ta tarar da shi nan zai yada zango ya yi noma, da rani ya yi ɗinki ko wanzanci ko fawa ko koyar da allo, ya sayi kaya a wannan kasuwa ya sayar a ta gaba. Haka tafiyar takan ɗauki shekara biyu, ko biyar, wani ma fiye da goma. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mutane a hanya. Daga irin waɗannan zanguna ne unguwanni da ƙauyukan Hausawa suka tsiro tun daga Fort Lamy, wato Njamena ta yau, har zuwa Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya.

Wannan yanki namu ya daɗe da sanin mutanen yamma. Tun a ƙarni na 19 garin Gallabat, wanda ke kan iyaka da Matamma ta Habasha, yana da shehunansa daga cikin Takari, kuma babbar kasuwa ce tsakanin Sudan da Habasha. Gadarif kanta kasuwa ce tun asali, shi ya sa ake kiranta Suk Abu Sin. Babban kwararowar jama'armu kuwa ya biyo bayan 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har suka zauna a gefen Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan wasu suka bazu zuwa Jazira, wasu Kasala, wasu kuma suka gangaro ƙasar laka ta Gadarif inda dawa da riɗi ke yin kyau.

A wancan zamani tsayin hanyar ya kai matsayin da mai hali ya gwammace ya yi zagaye ta teku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tashi zuwa Hajji a 1921, ta Ikko ya bi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya nufi Jidda. Wato daga Katsina zuwa Makka, hanyar Landan ta fi ta Darfur sauri. Talaka kuwa ba shi da abin hawa sai ƙafarsa. Abin da ya fara rage masa wahala shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, a wannan ɓangare kuma ya isa Ubayyid kusan lokaci guda. Wanda ya tako har Ubayyid, idan yana da kuɗin tikiti, ya huta da tafiyar ƙasa. Dogon da ya taso daga Kasala ya iso Gadarif a 1928, aka haɗa shi da Sinnar a 1929. Daga nan amfanin gonarmu ya sami hanyar zuwa Bur Sudan.

Shekarar 1925 ta cancanci mu riƙe ta da kyau, domin abubuwa biyu sun faru a cikinta da suka shafe mu. Na farko, a shekarar aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka fara noman auduga na Jazira, inda dubban mutanenmu suka sami aikin da ya sa da yawansu suka zauna ba su koma ba. Na biyu, a ƙarshen Oktoba na shekarar jiragen sama guda uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Hulwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo Nilu zuwa Hartum, suka karkata yamma ta Ubayyid da Fashir da Abashe da Fort Lamy da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Wannan ne karo na farko da jirgin sama ya sauka a Kano, a zamanin Sarki Usman. Tafiyar ba ta cika mako guda ba.

Ku dubi sunayen garuruwan nan da kyau. Zangunan alhazai ne, an dai karanto su ne daga gabas zuwa yamma. Jirgin wancan lokaci ba ya iya dogon zango, dole ya sauka ya sha mai, kuma ba zai sauka ba sai inda akwai ruwa da mutane da hukuma. Inda ayari ya daɗe yana yada zango, nan jirgi ya tarar da abin da yake bukata. Hanyar sama ta farko tsakanin Sudan da Najeriya a kan sawun kakanninmu aka shimfiɗa ta.

A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya buɗe zirga-zirga ta mako-mako tsakanin Hartum da Kano da jirgi samfurin DH.86, yana sauka a Ubayyid, Fashir, Jinaina, Fort Lamy da Maiduguri. Kafin shekarar ta ƙare an miƙa layin har Ikko. A Hartum yake haɗuwa da babban layin da ke tsakanin Landan da kudancin Afirka. Ma'anar haka ita ce, wasiƙar da ta taso daga Landan ta sama zuwa Kano sai ta kwana a Sudan. Hartum ce ƙofar Kano zuwa duniya a waɗannan shekaru. Jirgin ƙarami ne, abin da ya fi ɗauka wasiƙu ne da 'yan fasinjoji ƙalilan daga cikin ma'aikatan mulki da manyan kamfanoni. Alhazanmu dai suna ƙasa, suna ɗaga kai suna kallonsa yana wucewa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa hanyar muhimmanci. Da Bahar Rum ya zama da hatsari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har Masar. An fara a watan Satumba na 1940, kuma kafin a rufe aikin jiragen da suka bi hanyar sun haura 5,000. Saboda wannan aiki aka faɗaɗa filayen sauka, aka kafa tashoshin rediyo da na duba yanayi, aka tara man jirgi a garuruwan da a da raƙumi da jaki kaɗai suka sani. A cikin shekarun yaƙin ne kuma aka soma gwajin noman inji a Gadambaliya kusa da mu, wanda daga baya ya mayar da Gadarif rumbun dawa da riɗi na Sudan.

Bayan yaƙi sai lori ta karɓi hanyar ƙasa. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAPA. Motoci suna ɗaukar alhazai daga Kano su bi ta Maiduguri da Cadi su shigo Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta makonni, muddin dai rani ne, don da damina laka takan rufe hanya. Dattawanmu suna tuna wannan zamani a matsayin lokacin da zanguna suka fi albarka. Kowace lori ta zo da baƙi, kowane baƙo yana bukatar masauki da abinci da ɗan canji da tafinta da wanda zai tsaya masa a gaban hukuma. Goro da turmi da hula da fata suna zuwa gabas, turare da carbi da littattafai da dabino suna komawa yamma. Tare da kayan kuma labari ke tafiya: wane ya rasu, wance ta haihu, gonar gidanku an raba ta. Mai masauki a Ubayyid ya san mai masauki a Abashe, shi kuma ya san na Maiduguri. Mutum yana iya ba da kuɗi a Kano a karɓa a Gadarif ba tare da takarda ba, sai amana da sanin asali.

A daidai wannan lokaci kuma jirgin sama ya fara sauko wa talaka. An kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, na Sudan ya fara tashi a 1947, Nigeria Airways kuma ya zo a 1958. Tun cikin shekarun 1950 aka soma shatar jirage don alhazai daga Kano, kuma su mutanen WAPA ɗin suna cikin waɗanda suka shiga harkar. Da fari jiragen kan sauka a Sudan su sha mai. Da manyan jirage masu dogon zango suka zo, sai suka riƙa tashi daga Kano su dire Jidda kai tsaye cikin 'yan awoyi. Arzikin man fetur ya sa kujerar Hajji ta zo hannun manomi da ɗan tireda, har a 1977 alhazan Najeriya suka haura 100,000. Sabuwar hanyar ma ta karɓi nata rayukan. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgi samfurin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Jirgi rahama ne ga alhaji, babu mai musun haka. Tsohuwar da a da za ta mutu a dajin Wadai, yanzu tana zuwa ta dawo ta tarar da jikokinta. Amma jirgin da ya kusantar da Kano da Jidda, shi ne ya nisanta Kano da Gadarif. Alhazai suka koma wucewa ta samanmu. Masaukai suka rage baƙi, labari ya rage zuwa, aure tsakanin gida da nan ya yi ƙaranci. Yaƙin basasar Cadi, wanda ya kai ga gwabzawa a cikin Njamena a 1979 da 1980, ya ƙara tsinka hanyar ƙasa, rikicin Darfur daga 2003 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Fasfo da biza da katin allurar shawara suka maye gurbin wasiƙar malami da shaidar mai masauki. Cikin zuriya ɗaya aka sami gidaje a nan da suka san kakansu daga ƙasar Kano yake, amma babu mai iya faɗin sunan ƙauyen.

Duk da haka ba mu zauna ba. Da jiragen fasinja suka daidaita tsakanin Hartum da Kano, na Sudan Airways da kuma daga baya na Badr da Tarco, sai muka koyi sabon fatauci. Ɗan kasuwa ya kwana a mota daga Gadarif zuwa Hartum, ya hau jirgi, kafin la'asar yana Kantin Kwari ko Kurmi. Lalle da dilka da humra da turaren wuta da lafaya suna tafiya Kano da Maiduguri, inda gyaran amare irin na Sudan ya sami karɓuwa. Atamfa da shadda da hula da goro suna zuwa nan. Ɗalibai suka cika Jami'ar Afirka da sauran makarantun Hartum, marasa lafiya suna zuwa asibitocinta, da yawansu kuma a hannun mutanenmu suke sauka. Sai dai fataucin jirgi na kaya ne marasa nauyi masu tsada. Riɗi da ƙaro da dawa, waɗanda su ne ƙarfin kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ba sa hawa jirgi. Hanyarsu ita ce titin Kasala zuwa Bur Sudan, kusan kilomita 800, sannan teku. Muka wayi gari duk huldarmu da gida ta rataya a kan filin jirgi guda ɗaya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 wannan igiya ta tsinke. Yaƙi ya ɓarke a Hartum, filin jirgin yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, aka rufe shi. Dubban ɗaliban Najeriya da a da awa uku da rabi ke tsakaninsu da gida, sai da aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a ɗauke su daga Aswan, wasu kuma aka bi da su ta Bur Sudan. Da Wad Madani ta faɗa cikin yaƙin a Disamba 2023, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, kuma kowa a cikinmu ya san yadda gidaje da makarantu da masallatai suka ɗauki baƙi. Jinaina da Fashir da Ubayyid, zangunan jirgin 1936, suka zama sunayen da ake ji a labarun yaƙi. Wanda ya matsu ya je Kano sai ya bi mota zuwa Bur Sudan, ya tashi zuwa Alƙahira, sannan ya juyo Kano, tafiyar da ta haura kilomita 5,000 a maimakon 2,900. Ko kuma ya bi ta Gallabat da Matamma zuwa Gondar da Addis Ababa idan iyakar tana buɗe, wato tsohuwar ƙofar da Takari suka riƙe tun ƙarni na 19. Kamar yadda Sarki Dikko ya zagaya ta Ingila, haka muka koma zagaye bayan shekara ɗari.

Abin da ya riƙe mu a wannan tsanani kuwa tsohon abu ne. Da bankuna suka tsaya, layukan waya suka riƙa ɗaukewa, waɗanda suka ci gaba da aika kuɗi da karɓar saƙo su ne masu amintaccen mutum a Kano, da wani a Njamena, da wani a Matamma ko Jidda. Gidajen da suka adana sunan garinsu da na danginsu sun sami inda za su tura mata da yara. Waɗanda zumuncinsu ya tsaya a kan tikitin jirgi kaɗai sun sha wuya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mun kuwa ga haka da idonmu.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku a wannan biki. Ta farko, a buɗe littafi a ofishinmu, kowane gida ya zo ya rubuta garin da kakansa ya fito, da hanyar da ya biyo, da zangunan da ya zauna, da dangin da aka sani a can. A fara da dattawan da suka haura shekara saba'in, a naɗi muryarsu ko da a waya ne, tun suna tare da mu. Ta biyu, a sabunta hulɗa a rubuce da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Maiduguri da Maraɗi da Njamena da Matamma, a san wakili a kowane gari, a san wanda zai tsaya wa ɗanmu idan ya sauka, mu ma mu tsaya wa nasu. Ta uku, kowane ɗan ƙungiya ya gyara takardunsa da na iyalinsa, lambar ɗan ƙasa da fasfo da katin allura, kada a jira sai ranar gudu. Kuma duk wanda ke koya wa yaro kasuwanci ya koya masa hanya fiye da ɗaya, ta sama da ta ƙasa da ta ruwa, da farashin kowacce da lokacin da take rufewa.

Muna fata jirage su dawo su riƙa tashi tsakanin Hartum da Kano kamar da, har ma wata rana a tashi daga nan Gadarif kai tsaye. Idan ranar ta zo za mu hau da murna. Amma idan yaro ya sake tambayarmu ko Kano tana da nisa, mu ba shi lissafin kilomita 2,900, sannan mu zaunar da shi mu lissafa masa zangunan ɗaya bayan ɗaya, Ubayyid, Fashir, Jinaina, Abashe, Njamena, Maiduguri, da sunan wanda zai nema a kowanne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a kan wannan hanya. Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya zaunar da Sudan da Najeriya da Nijar da Cadi da Habasha lafiya, Ya mayar da kowane ɗan gudun hijira ɗakinsa, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu. Amin.